Tsohon Dami na Hollerbruck

Duk garin Hollerbruck ya tafa wa gawar Ottmar Kessel, tun daga Ƙofar Gabas har zuwa rijiyar kasuwa.

Sufeto Henrike Vollmer ma ta tafa. Hutu ta zo, ba aiki ba. Da rana ta sauka daga jirgin ƙasa, ta ajiye jakarta a gidan ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Traudl, suka fito kallon jerin gwanon bikin girbi. Hazo ya taso daga kogi ya cika lunguna, har saman hasumiyar coci ya ɓace. Ko'ina warin sabuwar giyar inabi ne da gurasar albasa.

Amalanken ƙarshe, kamar kowace shekara, na Tsohon Dami ne: an naɗe mutum da karan alkama daga kai har ƙafa, an ɗaure shi tsaye a jikin gungume. Ba ya magana, ba ya motsi. Jama'a na watsa masa ruwa don a sami ruwan sama baɗi. Sai an isa rijiya ake kwance shi, a ba shi kofin giya, ya faɗi abin da ke ransa a gaban gari, ba mai katse shi.

"Kai, bana an sami mai haƙuri!" in ji wani mai tumbi a bayansu. "Bokiti guda na juye masa, ko gezau!"

Aka yi dariya. Gwaggo Traudl ba ta yi ba. Kofin ruwanta na hannunta a cike, ɗaya hannun kuma ya damƙe damtsen Henrike har yana mata zafi.

"Gwaggo, lafiya?"

"Sanyi nake ji, 'yata."

A bakin rijiya, Ludger Kessel, ɗan Ottmar, wanda ya ja dawakin tun daga gida, ya hau amalanken ya yanke igiyoyi. Damin bai sauko da ƙafafunsa ba. Ya kifo gaba ɗaya kamar icen da aka sare, ya bugi dutsen titi.

Masu busa suka ci gaba da busa na ɗan lokaci, don ba wanda ya ce su daina.

Henrike ta kutsa cikin taro tana nuna katinta. Ta durƙusa, ta buɗe karan da ya rufe fuskar. Ottmar Kessel ne. Idanun tsohon a buɗe suke, ruwan da aka watsa masa ya taru a cikinsu.

Likitar gari ta zo da rawanin furanni a kanta, ta cire shi kafin ta taɓa gawar. Ta gwada lanƙwasa hannun, ya ƙi. Suka juya shi, ta ɗaga rigar.

"Kin gani? Jini ya kwanta a bayansa. Mutumin da ya mutu a tsaye, a ƙafafu jininsa ke taruwa. Wannan a kwance ya mutu, ya kuma daɗe a kwance."

"Kafin a ɗora shi a amalanke ke nan."

"Tun da safe, in ban yi kuskure ba. Ba rauni, ba shatin igiya a wuya. Sauran sai an duba shi a asibiti."

A bayan rigar akwai wani baƙin abu mai laushi kamar auduga. Henrike ta murza shi da yatsa. Ta san shi tun tana yarinya: fumfunar da ke fitowa a bangon ɗakunan giya na ƙarƙashin ƙasa. A wuyan gawar kuma akwai tsohon makulli na ƙarfe, rataye da igiyar fata. Ta cire shi ta sa a leda.

Ta kira shugabanta a birni. Ya ce tunda tana wurin, ta riƙe binciken. Kafin ta gama wayar, Saje Pfister, ɗan sandan garin, har ya yi kamu.

Abin da ya fi ba Henrike haushi da Hollerbruck ke nan, tun kafin ta bar shi. Gari ne da ya fi son shiru a kan gaskiya. In abu ya faru, ba a tambayar wa ya yi, ana tambayar wa za a ɗora wa ba tare da an ɓata wa maƙwabci rai ba. Kuma kowace kaka akwai baƙi masu tsinkar inabi da ke kwana a bayan gari, ba su da dangi, ba su da lauya.

A caji ofis ta tarar da wata mata a bayan kanta, ta manyanta kaɗan, hannuwanta sun yi baƙi da ruwan inabi.

"Wace ce wannan?"

"Ilinca, ranki ya daɗe," in ji Saje Pfister. "'Yar Romaniya ce, tana aiki a gonar Kessel. Ita ta ɗaure shi. Ta matse igiyar, tsoho ya kasa numfashi. Shi ke nan. Magajin gari ya ce in an gama da ita yau, gobe a ci gaba da biki, baƙi sun riga sun kama ɗakuna."

"Wa ya ce ita ta ɗaure shi?"

"Ludger mana."

"Wa ya gani?"

"To, ranki ya daɗe, ai Ludger Kessel ne. Tare muka yi makaranta."

"Na tambaye ka wa ya gani, ka ce min kun yi makaranta tare. Buɗe min."

Ilinca ba ta kuka. Ta zauna a miƙe, tana kallon bango.

"Ke kika ɗaure Ottmar?"

"A'a. Ba a barin baƙo ya shiga wurin ɗaurin. Ɗan gida ne ke yi, a rufe ƙofa. Kowa ya sani. Shi ma ya sani." Ta nuna saje da haɓa.

"Yaushe kika ga Ottmar na ƙarshe?"

"Jiya da yamma. Yau tun da sassafe muna kan tudu, muna tsinkar layin inabi na ƙarshe. Da muka sauko aka ce an riga an naɗe shi."

"Me ke tsakaninku?"

Ta ce, "Aure za mu yi. Yau zai faɗa, a bakin rijiya. Shi ya sa ya nace shi zai zama Tsoho bana, duk da gwiwarsa. Ya ce nan kaɗai ne za su saurare shi har ƙarshe ba su tofa ba."

Saje ya yi tsaki daga bakin ƙofa. "Kin ji ko? Dukiya take hari."

"Saje," in ji Henrike, "macen da ke harin dukiya, kafin aure take kashe ango ko bayan aure?"

Saje ya juya ya bar bakin ƙofar.

"Zan iya sakinta?" Ba shi take tambaya ba, kanta take tambaya, kuma ta san amsar. Akwai bayanin ɗan mamaci a rubuce. In ba ta kawo abin da ya fi shi nauyi ba, gobe za a wuce da Ilinca gaban alƙali a birni, kuma daga can ba wanda zai sake jin sunanta a Hollerbruck.

Gidan Kessel na Layin Maƙera, katanga ɗaya da gidan Gwaggo Traudl. Ludger na tsakar gida yana goge dawaki. Ƙaton mutum ne, furfura ta fara masa, idanunsa jajur.

"Allah ya ji ƙansa, Ludger."

"Amin, Henrike. Ko in ce Sufeto?"

"Yau ka ce Sufeto. Da safe ina kake?"

"Nan, ina yi wa amalanke ado. Baba ya shiga rumfa da matar nan, ya ce ita yake so ta naɗe shi. Na ce ba a yin haka, ya ce in rufe masa baki. Da suka gama na taya ta ɗora shi."

"Ya yi maka magana da kuna ɗora shi?"

"Tsohon Dami ba ya magana."

"Kai ka ɗauki ubanka a kafaɗa, ba ka ji ya sandare ba?"

"Kara ne ko'ina. Me zan ji?"

"Yau ya sauka ɗakin giya?"

"A'a. Ba wanda ya sauka yau. Giya na tafasa, ba a wasa da wurin."

"Makulli nawa gare ku?"

Ludger ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ɗaya. Tun zamanin kakana ɗaya ne. A wuyansa yake kwana. Ni da furfurata, in zan shiga sai na roƙa."

Henrike ta fito da ledar. "Wannan ne?"

Ya kalli makullin, ya kalli ƙofar ɗakin, ya ci gaba da goge dokin a wuri ɗaya.

Ta kira saje. Suka buɗe ƙofar. Ta kunna fankar da ke zuƙe iskar ɗakin, suka jira, domin a wannan lokaci na shekara sabuwar giya na fitar da wata iska marar wari da ke kwanciya a ƙasa, mutum ya shiga ya faɗi ba tare da ya san me ya same shi ba. Ta kunna kyandir ɗin da ake ajiyewa a bakin matakala, ta riƙe shi ƙasa da gwiwarta, tana sauka tana kallon harshen wutar.

Ƙasa akwai sanyi. Manyan gangunan giya na katako sun jeru hagu da dama har cikin duhu, kowace tana ɓul-ɓul a hankali, wata ta yi wata ta amsa, kamar mutane da yawa na barci a ɗaki ɗaya. A gindin matakala, baƙar fumfunar bango ta goge a wuri ɗaya, daidai faɗin bayan mutum.

"Wataƙila zamewa ya yi," in ji saje da ƙaramar murya.

"Ya zame, ya mutu, ya tashi ya kulle ƙofa, ya naɗe kansa a kara?"

Ta ɗaga kyandir. Sai ta tsaya.

A goshin ganga ta farko akwai ɗan gicciye da aka zana da alli. A ta biyu ma. Ta bi layin har ƙarshe, ta juyo ta ɗaya layin. Ba ganga ko ɗaya da aka tsallake. Ta taɓa ɗaya, allin ya biyo yatsanta, sabo fil.

Ta taɓa ganin wannan sau ɗaya, ranar da kakanta ya rasu. Mahaifinta ya sauka ɗakin giyarsu tun kafin a kira limamin coci, ya bi ganguna ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace yana gaya mata maigida ya rasu, yana sa mata alama don kada ya manta da wata. Gangar da ba a gaya wa ba, in ji mutanen Hollerbruck, giyarta bin maigidan take yi, ta yi tsami ta mutu.

Saje ya cire hularsa. Shi ma ya sani.

"Makullin na wuyan gawa tun kafin jerin gwano," in ji Henrike. "To yaushe aka gaya wa gangunan nan?"

"Ranki ya daɗe... ƙila na bara ne."

"Wa ya mutu a gidan nan bara?"

Ta ɗaga kai. Can sama a bango akwai 'yar tagar iska mai sandunan ƙarfe, hasken titi na shigowa ta ciki. Ta san inda ta fito. Daidai ƙarƙashin tagar ɗakin girkin Gwaggo Traudl.

Ta tarar da gwaggon tana yanka albasa, ko da yake akwai gurasa cike da tire ba wanda ya taɓa.

"Zauna ki ci wani abu, kin rame."

"Gwaggo, me ya sa ba ki watsa wa Tsoho ruwa ba?"

"Hannuna ke ciwo."

"Hannun da ya kusa karya min damtse?"

Wuƙar ta tsaya.

"Me kika ji da safe?"

"Ni kunnena ya tsufa, 'yata."

"Kunnen da ke jin an buɗe firiji daga sama? Gwaggo, akwai mace a bayan kanta. Gobe za a tafi da ita."

"Ai ba 'yar nan ba ce. Za su bincika can, in ba ta yi ba su sake ta."

"Wa zai gaya musu ba ta yi ba? Ke?"

Tsohuwar ta zauna. Ta goge hannu a zanen girkinta, ta sake gogewa.

"Ina dafa kofi ne," ta ce. "Ba a ma buga ƙararrawar coci ba. Sai na ji daga ƙasa. Ƙwas, ƙwas. Shiru. Ƙwas, ƙwas, ya ɗan yi nisa. Na ce a raina, Allah ya sa famfo ake gyarawa. Sai na ji muryar."

"Me ya ce?"

"Abin da ake cewa. 'Maigida ya tafi, ku zauna, akwai maigida.'"

"Muryar wa?"

"Henrike, ni na riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma."

"Muryar wa, Gwaggo?"

"Ludger."

"Ke kaɗai kika ji?"

"Mai burodi na share ƙofarsa. Matar mai gyaran agogo na shanya. Mun kalli juna." Ta sunkuyar da kai. "Sai kowa ya shige gida. Ranar biki ce."

Henrike ta miƙe, kujerar ta faɗi a bayanta. Layi guda ya san Ottmar ya mutu tun safe. Suka sa kayan ado, suka fito, suka jeru a bakin titi suna kallon gawarsa na wucewa, wasunsu har da tafi, don kada a ce su ne suka fara ɓata biki.

"Ɗauko mayafinki. Za ki maimaita a gaban saje."

"Yaya zan yi da zama a layin nan bayan haka?"

"Yadda kika yi kika zauna tun safe."

Ludger na zaune a bakin matakalar ɗakin giya lokacin da suka shigo. Ya ga Gwaggo Traudl a bayan saje, ya kau da kai.

"Ka ce min ba wanda ya sauka yau," in ji Henrike. "Wa ya sa alli a ganguna?"

"Matar nan ce. Ta ga ana yi."

"A ina ta gani? Ba a yi mutuwa a gidan nan ba tun da ta zo. Kuma ko ta gani, ganga na sauraron baƙo?"

"A'a," ya faɗa da sauri, kamar an zage shi. "Sai jinin gida."

Ana jin ɓul-ɓul ɗin ganguna daga ƙasa.

"Jinin gida nawa ya rage, Ludger?"

Ya kalli tafin hannunsa. "Inna Traudl, kin ji ni?"

"Na ji ka, ɗana."

Ya gyaɗa kai. Da ya fara magana, da ƙasa yake yi, ba da su ba.

"Jiya ya gaya min. Wai zai faɗa a bakin rijiya, gaban kowa. Zai auri matar nan, ya rataya mata makulli. Ita. Ni tun ban kai tsayin ganga ba nake wanke su. Ban yi karatu ba, ban je ko'ina ba, ban yi aure ba. Kullum 'jira, Ludger, lokacinka na zuwa.'"

"Sai ka yi me?"

"Da safe zai sauka ya ɗebo giyar da za a ba Tsoho a bakin rijiya. Ya ba ni makulli in buɗe in fitar da iskar ɗakin. Ban kunna fanka ba. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin ko tana yi ko ba ta yi. Ya tsaya nan, inda kike tsaye, ya ce, 'Ka duba da kyandir?' Na ce na duba, Baba."

"Ya sauka."

"Ya sauka. Na ja ƙofa."

"Amalanken fa?"

"Daga baya na kunna fanka, na ɗauko shi, na naɗe shi a kara, na mayar masa da makullin a wuya. Na ce in ya faɗo a gaban gari, za a ce zuciya ce. Da na ga likita na juya shi, sai na ce matar nan ce ta ɗaure shi." Ya ɗago. "Da ba ki zo hutu ba, da an ce zuciya ce. Ki tambayi Pfister."

Saje bai ɗago ido ba.

"Ka kashe ubanka, ka tsaya kana gaya wa ganguna?"

Ludger ya kalle ta da mamaki na gaske. "In bar giyar shekara guda ta mutu? Me ta yi?"

Henrike ta juya ga saje. "Ankwa."

"Ranki ya daɗe, ai ba gudu zai yi ba. Mu bi ta ƙofar baya, ta bakin ganuwa, ba kowa."

"Ilinca ta ina ka bi da ita?"

"Ta kasuwa."

"Da ankwa?"

"Da ankwa."

"To."

Suka fito da shi ta Layin Maƙera. Mai burodi na tsaye a ƙofarsa, ya juya ya shige. A kasuwa mutane na zaune a dogayen benci da kofuna a gabansu, suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka ga wanda ke cikin ankwa, maganar ta mutu daga benci zuwa benci. Magajin gari ya taso da sarƙar sarautarsa a ƙirji, ya buɗe baki, Henrike ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba.

A caji ofis, saje ya buɗe wa Ilinca. Ya miƙa mata mayafinta da igiyoyin takalminta.

"An yi ɗan kuskure," ya ce. "Ba wanda ya yi nufin komai."

Ba ta kalle shi ba. Ta zauna a benci ta zura igiyoyin a hankali, ta ɗaure. Ludger ya wuce ta gabanta zuwa ɗakin da ta fito, ba ta ɗaga kai ba sai da ƙofar ta rufu.

"Ina suka kai Ottmar?" ta tambayi Henrike.

"Asibiti. Sai dangi ake bari su gani."

"Ni ba dangi ba ce."

"Taso," in ji Henrike, ta ɗauki makullin motar saje daga kan teburi. "Ni zan gaya musu ko ke wace ce."